Ruwan Rani a Wudil: Tunawa da Audu Bako

Wanda ya tsaya a kan gadar Wudil a watan Maris ko Afrilu, lokacin da bazara ta kankama, ganye ya bushe, ƙasa ta tsage, zai leƙa ƙasa ya ga ruwa yana tafiya. Ga masunta a cikin kwale-kwale, ga masu haƙar yashi, ga lambuna kore shar a gaɓar kogi, ga Fulani sun gangaro da shanu suna shayarwa, musamman idan ranar Juma'a ce ana cin kasuwar Kara. Yaron da aka haifa jiya ba ya mamakin wannan, don haka ya buɗe ido ya gani. Amma kafin shekarar 1974 kogin nan na damina ne. Yakan cika ya tumbatsa a watan Agusta, ya malale fadamu, sa'an nan ya ja da baya a hankali har ya zama rairayi da 'yan kududdufai, mutane su riƙa tona yashi suna neman abin sha. Ruwan da ke bi ta ƙarƙashin gadar da rani a yau sako shi ake yi daga madatsar ruwa ta Tiga, ya biyo Kogin Kano, ya haɗu da Kogin Challawa, ya ratsa Wudil ya nufi Haɗeja.

Idan aka bar gadar aka ɗauki hanyar Maiduguri, ba a yi nisa ba za a iske Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda ta Ƙasa, inda samari da 'yan mata daga kowace jiha ke shafe shekara 5 suna karatu da fareti kafin a ɗaura musu tauraro a kafaɗa. Na daɗe ina ganin waɗannan abubuwa biyu, kogin da makarantar, a matsayin abubuwan da garin ya fi shahara da su bayan kasuwar shanu da jami'a. Sai daga baya na lura cewa akwai mutum ɗaya da tarihinsa ya taɓa su duka biyun, ko da yake shi ba mutumin Wudil ba ne, kuma ya bar duniya tun kafin a aza tubalin makarantar. Shi ne Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, ɗan sanda ɗan ɗan sanda, malamin kurata, uban 'ya'ya 11.

An haife shi a shekarar 1924 a cikin barikin 'yan sanda na Kaduna. Kalmar bariki tana da nauyi a bakin Bahaushe. Idan aka ce wa mutum ɗan bariki, yawanci ba yabo ake nufi ba, ana nufin wanda ya bar gaban iyaye ya buɗe ido, ya koyi wayon zaman duniya. Shi kuwa Audu Bako barikin ne gidansu, a can iyayensa suke, a can ya sami tarbiyya. Mahaifinsa ya yi shekara 36 yana aikin ɗan sanda, kuma ya riƙe sarautar Sabon Garin Kaduna. Kaduna a lokacin sabon gari ce ita kanta, bai fi 'yan shekaru da Turawa suka mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru ba. Gari ne na ma'aikatan jirgin ƙasa da sojoji da akawuna da 'yan sanda, kowa daga wata uwa duniya ya zo. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri yana jin harsuna da yawa tun yana rarrafe, kuma yana ganin mahaifinsa yana sasanta mutanen da ba ƙabila ɗaya ba, ba addini ɗaya ba.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan rayuwar iyalin ɗan sanda, domin ita ce makarantarsa ta farko, kuma ba a cika ba ta haƙƙinta ba idan ana tarihin manyan jami'ai. Gidan bariki ɗaki ne ko biyu a jere da na maƙwabta, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. Begila ce ke tayar da kowa da asuba. Yaro yana kallon uwarsa tana wanke kaki tana sa masa sitaci, yana kallon ubansa yana goge takalmi har ya ga fuskarsa a ciki. Ana duba tsabtar ɗakuna kamar yadda ake duba layin fareti. Maigida yana iya fita aikin dare ba a san lokacin dawowarsa ba, kuma takarda ɗaya ta canjin wurin aiki tana iya tayar da iyali gaba ɗaya a cikin mako guda. Matan bariki su ke riƙe gida a kan albashin da ba ya kai ƙarshen wata sai da dabara. Mutumin da ya ga mahaifinsa ya jure wannan har shekara 36, sa'an nan shi ma ya zaɓi ya sa kakin, ya san abin da ya zaɓa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ya yi karatu a makarantar gwamnati ta Kaduna, daga nan ya wuce Midil ta Zariya, wadda a yau ake kira Kwalejin Alhudahuda. A wancan zamani wanda ya gama Midil ɗan gata ne. Ƙofar En'e a buɗe take gare shi, yana iya zama malamin hakimi ko malamin asibiti ko na gona, ko ya nemi wucewa kwaleji. Audu Bako ya shiga aikin ɗan sanda a 1942, bai wuce shekara 18 ba, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake ɗibar samarin Arewa zuwa fagen daga. Aikin bai da farin jini a wurin masu ilimin boko na Arewa. Yawancin kurata ba su iya karatu da rubutu ba, manyan muƙamai kuwa duk na Turawa ne. Sai a 1964 aka sami ɗan ƙasa na farko, Louis Edet, ya zama Sufeto Janar.

A Arewa ta lokacin masu tsaron doka iri biyu ne. Akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe na Kudu da na Arewa suka zama runduna ɗaya a 1930. Akwai kuma 'yan doka, wato 'yan sandan En'e, waɗanda suka samo asali daga dogaran sarki, suna karɓar umarni daga fada. Talaka a ƙauye ya fi sanin ɗan doka, shi ne ke raka mai karɓar haraji da jangali, shi ne ke kai sammaci, shi ne ke tisa ƙeyar mutum zuwa gaban alƙali. Audu Bako ta ɓangaren gwamnati ya shiga, ya hau matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, har aka mayar da shi Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna yana koyar da dokokin aiki.

A ganina wannan zango na koyarwa shi ne mabuɗin fahimtar mutumin. Fareti yana koya wa kurtu bin umarni, kulki da bindiga suna ba shi ƙarfi, amma darasin doka ne kaɗai ke gaya masa inda ikonsa ya tsaya: wane ne za ka kama, da wace hujja, tsawon wane lokaci za ka tsare shi kafin ka kai shi kotu, me za ka rubuta a littafin caji ofis, me ya halatta ka karɓa a matsayin shaida. Wanda ya yi shekaru yana nanata waɗannan ga samarin da yawancinsu da ƙyar suke haɗa baƙi, dole ya koyi haƙuri, ya kuma koyi fassara magana mai wuya zuwa harshen da kowa zai gane. Daga baya aka ɗaga shi zuwa Mataimakin Kwamishina, aka damƙa masa kula da dukkan 'yan dokan Jihar Arewa.

Muƙami ne mai ƙaya. A shekarun 1950 da farkon 1960 'yan doka suna tsakiyar rikicin siyasa. Magoya bayan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha kamu da duka da ɗauri a hannunsu, sau da yawa a kan laifin da bai wuce yin taro ba tare da izini ba ko faɗar magana a kan hakimi. Wannan tabo yana nan a tarihin Arewa, ba mai kankare shi. Aikin jami'in gwamnati da aka ɗora a kansu shi ne ya sa musu horo da tsari, alhali ba shi ke ɗaukarsu aiki ba, ba shi ke biyansu ba, kuma sarkin da suke yi wa biyayya ya fi shi ƙarfi a ƙasarsa. A Kano, daga 1957 zuwa 1962, shugaban 'yan doka shi ne Alhaji Ado Bayero, Wakilin Doka, kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya hau gadon sarauta a 1963. Ƙaddara ta tsara cewa bayan 'yan shekaru Kano za ta kasance a hannun tsofaffin masu kaki biyu, ɗaya a fada, ɗaya a gidan gwamnati.

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba Nijeriya zuwa jihohi 12. Tsohuwar Jihar Arewa ta zama shida, lardin Kano ya tsaya da ƙafarsa a matsayin jiha, da masarautunsa huɗu: Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure, wato har da ƙasar da ta zama Jigawa a 1991. Sojoji ba su da isassun manyan hafsoshi, juyin mulki biyu na 1966 ya cinye da yawa, ga yaƙi yana ƙofa. Sai aka waiwayi 'yan sanda. Uku daga cikin gwamnonin Arewa shida daga cikinsu aka ɗauko: Usman Faruk a Arewa maso Yamma, Joseph Gomwalk a Binuwai da Filato, Audu Bako a Kano. Yana da shekara 42, ya girmi shugaban ƙasar da ya naɗa shi da kusan shekara 10, kuma ya riga ya yi shekara 25 a bakin aiki.

Kanon da ya tarar tana cikin jinya. Kashe-kashen watan Mayu da na ƙarshen Satumba zuwa Oktoban 1966 sun watsa Sabon Gari, dubban 'yan ƙabilar Ibo sun rasa rayuka ko sun gudu, kuma da su aka rasa ƙwararrun ma'aikata da yawa na jirgin ƙasa da gidan waya da kamfanoni. Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967. Jihar kanta a takarda take, sai a Afrilun 1968 sababbin jihohin Arewa suka fara gudanar da harkokinsu da kansu, ma'aikata suka kwaso fayil daga Kaduna suka zo suna neman ofis da wurin kwana. Kuma duk da arzikin Kano na fatauci da dalar gyaɗa, tana cikin lardunan da suka fi ƙarancin 'yan boko idan aka kwatanta da yawan jama'arta.

Abin da ya fara yi ya nuna ɗan Sarkin Sabon Gari ne. Majalisar kwamishinoninsa ta haɗa mutanen da jiya ba sa ga maciji da juna. Ga Alhaji Maitama Sule, tsohon ministan jam'iyyar NPC. Ga Alhaji Tanko Yakasai, wanda ya sha ɗauri saboda NEPU. Ga Alhaji Aminu Ɗantata daga gidan kasuwanci, ga Sarkin Bai Alhaji Mukhtar Adnan daga gidan sarauta, ga Alhaji Inuwa Dutse wanda aka ba harkar gona. Mutumin da ya shugabanci 'yan doka ya zauna teburi ɗaya da wanda 'yan doka suka sha kamawa, suka yi aiki tare shekaru. Ba ƙaramin abu ba ne a Kano ta wancan lokaci, inda gabar siyasa ta raba aure ta raba zumunci.

Sai gyaran En'e. A waɗannan shekaru ne aka karɓe kotuna daga hannun sarakuna aka mayar da su ƙarƙashin gwamnatin jiha, gidajen yari da 'yan doka kuwa aka haɗe su da na tarayya. Audu Bako ya rarraba jihar zuwa yankunan mulki, ya ɗauke wasu ayyuka daga En'e, ya nemi a riƙa ɗaukar ma'aikatan ƙananan hukumomi bisa cancanta. Hujjar da ya bayar ita ce gyaran zai ƙara wa sarakuna daraja a matsayinsu na iyayen ƙasa da jagororin addini. Ko an yarda da hujjar ko ba a yarda ba, mutumin da ya fi kowa sanin ciki da wajen rundunar 'yan doka shi ne ya ga ƙarshenta a Kano, kuma an yi sauyin ba tare da an tuɓe sarki ko an zubar da jini ba. Wanda ya tuna yadda aka rabu tsakanin gwamnatin Sardauna da Sarki Sanusi a 1963, ko abin da ya faru tsakanin gwamnati da fada a 1981, zai san darajar wannan.

Amma abin da ya sa sunansa bai ɓace ba shi ne ruwa. Kano ƙasa ce mai yawan jama'a da ƙarancin ruwan sama. Damina wata huɗu ce ko biyar, sauran shekara manomi yana zaune, ko ya ɗauki sanda ya tafi cin rani. Ruwan da ke sauka a watan Agusta kuwa wucewa yake yi ya bar ƙasar. A 1969, ana tsakiyar yaƙi, kuɗi ba su da yawa, gwamnatinsa ta fara gina madatsar Bagauda don ta shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Da aka ga abin ya yiwu, sai aka tunkari babban aikin, aka tare Kogin Kano a Tiga. An kammala a 1974, tafkin da ya taru a bayanta an tsara shi ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma har yau yana cikin mafiya girma a ƙasar nan. Aka ja babbar magudana daga can zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Aka kuma yi wasu ƙananan madatsu a sassan jihar, ciki har da ta Tomas a ƙasar Ɗambatta.

Ana cikin wannan aiki fari ya faɗo. Daga 1972 zuwa 1974 ƙasashen Sahel suka ga abin da tsofaffi suka daɗe ba su gani ba. Shanu suka mutu a Nijar da arewacin Nijeriya, rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka kwararo Kano suna neman abin sawa a baki. Gyaɗa, wadda ita ce jarin jihar, ta durƙushe, cutar da ta afka mata a 1975 ta ƙarasa ta, dalar da ake alfahari da ita ta zama labari. Masu ganin gwamna yana zuba kuɗi a daji sai suka ga abin da ya hango. Yau duk wanda ya bi hanyar Zariya da rani ya ga shinkafa da alkama da masara da albasa a Kura da Kadawa, ya ga motoci suna lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan za su Legas, amfanin wannan tunani yake gani. Wani kaso na ruwan famfon birnin Kano ma daga can yake zuwa. Mai lambu a gaɓar Wudil da ke kunna injin ban ruwa a watan Maris yana cikin masu cin gajiyar.

Sai dai ruwan da aka tare a sama, wani aka hana a ƙasa, kuma tarihi ba ya cika idan aka ɓoye wannan. Dubban mutane aka tayar daga ƙauyukansu da gonakinsu don tafkin Tiga ya sami wurin kwanciya. Can gabas kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, rayuwar jama'a a kan ambaliyar shekara shekara take. Ruwa ya malale, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa, idan ya janye a bi danshi da wake da sauran amfani, makiyaya su sami ciyawar rani. Tiga, da madatsar Challawa da aka kammala a 1992, sun rage wannan ambaliya ƙwarai. Ruwan da ya koma gudana duk shekara kuma ya ba ciyawar kachala damar kafuwa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama mafakar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a shekarun 1990 sun nuna cewa abin da aka yi asara a fadamun ƙasa ya fi abin da aka samu a gonakin ban ruwa na sama. Ita ma Bagauda ta ɓalle a daminar 1988 ta yi ɓarna. Ban ga dalilin ɗora masa dukkan wannan shi kaɗai ba. A zamaninsa duniya gaba ɗaya ta yi imani da manyan madatsu, tun daga Aswan a Masar har Kainji a nan gida, kuma tun 1976 ragamar sakin ruwan ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya. Amma mutumin Haɗeja ma ɗan jiharsa ne a lokacin, kuma yana da haƙƙin a ambaci abin da ya rasa. Wudil tana tsakiya, ta ga alherin, ta kuma ga ruwan yana wucewa zuwa inda ya zama matsala.

Wurin da halinsa na uba ya fi fitowa fili shi ne ilimin mata. A Kano ta ƙarshen shekarun 1960, kai 'ya mace makarantar boko abu ne da iyaye da yawa ke gudu, wasu har ɓoye 'ya'yansu suke yi idan an zo ɗibar ɗalibai. Gwamna mai kaki, a ƙarƙashin mulkin soja, yana da ikon ya ce dole. Audu Bako ya bi ta wata hanya, ya kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, wanda kuma 'yarsa Nana Asma'u ta zama malamar malamai. Da wannan ya tunkari iyaye da malamai, gwamnatinsa ta buɗe makarantun firamare da na sakandare da na horar da malamai mata. Malamin doka ne ya sake fitowa a nan, mai neman nassin da mutum ya riga ya yarda da shi kafin ya nemi ya bi. Da yawa daga cikin matan da suka riƙe makarantu da asibitocin Kano da Jigawa a shekarun da suka biyo baya ta wannan ƙofa suka shigo.

Haka nan gidan namun daji da ya gina a kan hanyar da yanzu kowa ke kira Titin Gidan Zu. Ana iya ganin abin ƙarami ne kusa da Tiga, amma sai mai iyali ne zai tuna cewa birni yana bukatar wurin da magidanci zai kai yaransa ranar hutu. Shekara 50 ke nan da ɗoriya, duk bikin sallah wurin cika yake da yara cikin sababbin kaya. Ya yi sakatariyar jiha, ya yi otal a bakin tafkin Bagauda, ya kafa sashen ciniki da masana'antu tun 1968. Ya yi shekara 8 da wata 2 a kan kujera, babu gwamnan Kano da ya kai shi daɗewa.

Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana taron shugabannin Afirka a Kampala, aka hamɓarar da shi. Murtala Muhammad, ɗan Kano, ya hau mulki, ya sauke gwamnonin duka, Kanar Sani Bello ya karɓi Kano. Aka kafa kwamitin binciken kadarorinsu, a farkon 1976 aka bayyana sakamako: 10 daga cikin 12 an same su da laifin amfani da muƙami ta hanyar da ba ta dace ba, aka ƙwace kadarori. Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma kaɗai aka wanke. Audu Bako yana cikin goman. Masu ƙaunarsa ba sa son a tayar da wannan magana, ni kuwa ina ganin rage masa daraja ne a ba da tarihinsa rabi. Hukuncin yana nan a rubuce, kuma ga mutumin da ya yi shekara 33 cikin kaki, ya koya wa wasu doka, ba a rasa raɗaɗi a irin wannan fita. Abin da ya biyo baya shi ma yana nan a rubuce: jihar da ya mulka ta sa sunansa a sakatariyarta, da gidan namun dajin, da babban titi a Nasarawa, da kwalejin aikin gona ta Ɗambatta. Gwamnatoci na soja da na farar hula, masu ra'ayi daban daban, sun zo sun wuce, ba wadda ta goge sunan. Har yau idan Kanawa suna auna gwamna, da shi suke fara aunawa.

Bai nemi komawa fagen mulki ba. Ya tattara ya koma noma a tsohuwar Jihar Sakkwato, ya rungumi sana'ar da ya yi shekara 8 yana kira a koma gare ta. Abokin aikinsa Gomwalk bai sami wannan dama ba, an harbe shi a 1976 bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulkin da ya ci ran Murtala. Audu Bako ya yi shekara 5 a gona da cikin iyalinsa, Allah Ya karɓi ransa a 1980, bai kai shekara 60 ba. Ya bar 'ya'ya 11. Maiɗakinsa, Hajiya Ladi Bako, ta rayu shekara 40 bayansa, ita ta ci gaba da riƙe gidan da sunan, Kanawa suna girmama ta a matsayin uwa har ta rasu a 2020. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Shekara 8 bayan rasuwarsa, a 1988, aka kafa makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda. Ta fara a wurare biyu na wucin gadi, masu neman muƙamin sufeto a Challawa, masu neman na mataimakin sufurtanda a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, wato harabar da Audu Bako ya koyar da doka. A 1996 aka haɗe su aka dawo da su mazauninsu na dindindin a Wudil. A 2012 aka ɗaga ta zuwa matsayin jami'a, a 2013 rukunin farko na masu karatun digiri suka shiga, kuma fannin shari'a yana cikin abin da ake koyarwa. Ranar bikin yaye ɗalibai garin yakan cika da baƙi, iyaye daga Sakkwato da Kalaba da Maiduguri da Ibadan, wasunsu tsofaffin kofur da saje ne da suka ƙare aiki a ɗaki ɗaya na bariki, sun zo ganin an ɗaura wa ɗansu ko 'yarsu tauraron da su ba su samu ba. Idan aka tashi, motocin da za su Kano sai sun hau gadar, kuma ko da tsakiyar bazara ne, akwai ruwa a ƙarƙashinta.